Tantin da Ba Shi da Taga

Duk direban da ke ɗaukar kaya daga Kumasi zuwa arewa ya san rumfar Sha'aban a bayan tashar Race Course. Shekara ashirin da shida yana ɗinkin tamfol na manyan motoci a wurin, kuma yana da wata hanya tasa ta gwada aiki wadda direbobi ke yi masa dariya a kanta, amma ba sa kai aikinsu wajen wani. Idan ya gama ɗinki, ya bi kowane ramin allura da gam, sai ya jira rana ta take tsaka, ya shimfiɗa tamfol ɗin a kan benci biyu, ya rarrafa ya shiga ƙarƙashi ya kwanta rigingine. In ya hangi ɗigon haske, ko da bai fi kan allura ba, to aiki bai ƙare ba, don ta nan ruwa zai bi ya jiƙa wa mutane siminti ko masara. Sai ya ga duhu ƙirin sannan yake fitowa yana kaɗe riga, ya ce a zo a ɗauka.

A gida kuwa mutum biyu ne kawai, shi da 'yarsa Mubarika, a ɗaki da falo cikin wani babban gidan haya a Ayigya Zango. Matarsa Mamunatu ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Mubarika tana jami'ar da ke ƙetaren titi, tana karatun daji da namun daji. Shi dai bai taɓa gane amfanin wannan karatu ba. Ya so ta zama nas, ta riƙa zuwa aiki da safe tana dawowa da yamma yana ganinta.

Da damina ta kankama sai ta zo masa da takarda. Ajinsu za su tafi wani gandun daji na gwamnati a bakin tabki, can arewa bayan Wenchi, su yi mako uku suna kwana a waje. Ya riƙe takardar nesa da idonsa yana bin jerin kayan da ake bukata: takalmin daji, tocila, gidan sauro, tanti.

"Tanti kuma? A cikin wannan ruwan?"

"Kada ka damu, Baba. Sajida ƙawata tana da na mutum biyu, tare za mu kwana."

Ya sa ta karɓo masa tantin Sajida ya gani. Ɗan ƙunshi ne da bai fi burodi biyu girma ba. Ya warware shi a tsakar gida, ya murza yadin da yatsu, ya ɗaga shi sama wajen rana. Haske ya ratso ta ko'ina, har yana ganin inuwar igiyar shanya ta ciki.

"Wannan ai leda ce," in ji shi. "Ni ina raye, 'yata ta kwana cikin leda a daji? Direbobi su ji?"

Kwana shida ya ajiye aikin mutane yana ɗinka mata nata. Ya zaɓi tamfol mai kauri, kore, irin wanda ake rufe tirela da shi. Ya haɗe ƙasa da bango don kada kunama ko maciji su sami hanya. Ya yi ɗinki biyu-biyu, ya bi da gam, ya sa babban zif irin na rufin mota, ya kuma saukar da wani leɓe a kansa don kada ruwa ya taɓa haƙoran zif ɗin. Ranar ta shida ya ɗage shi da igiya tsakanin motoci biyu, ya shiga, wani maƙwabcinsa ya ja masa zif daga waje. Duhu kamar cikin rijiya. Ya buga, aka buɗe masa, ya fito yana murmushi.

A aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, aka kawo tantin gida, kuma sai da direban ya kama masa suka sauke shi. Matan gidan suka bar wanke-wanke suka zo kallo. Yayarsa Rakiatu, wadda ke sayar da koko a bakin layi, ta zagaya ƙunshin sau ɗaya, ta taɓa shi da ƙafa.

"Ei, Sha'aban. Buhun gero za ka aika arewa ko 'yar mutum?"

Mubarika ta sunkuya ta kama igiyar ta ja. Ƙunshin bai ko motsa ba. Ta sake ja da hannu biyu, ya ɗan ɗaga gefe ɗaya ya koma. Sai dariya ta kuɓuce mata. Ba ta yi da niyya ba, ta ma rufe baki da hijabi, amma matan gida suka kama, tsakar gida ta ɗauka.

"Baba, kowa a bayansa zai goya kayansa. Wani wurin tafiyar awa biyu ce a ƙasa. Kuma ina tagarsa?"

"Taga ta mece ce? Don maciji ya leƙo ya gaishe ki?"

"Iska fa?"

"Iska ba ta kashe kowa a daji. Ruwa ne ke sa ciwo."

"Baba, na gode, wallahi na gode. Amma ba zan iya tafiya da shi ba."

Shi kaɗai ya ja ƙunshin a ƙasa har cikin falo, ya bar shi a tsakiyar ɗaki.

A gidansu akwai abin da ba a taɓa tsallakewa ba tun zamanin mahaifinsa. Duk wanda zai yi tafiya, ko Ejura ce, sai ya durƙusa a bakin ƙofa, uba ya ɗora masa hannu a ka ya karanta Fatiha, sannan ya fita da ƙafar dama. Da safiyar tafiya Mubarika ta fito da jakarta a baya, ta sauke ta, ta durƙusa a bakin ƙofa. Sha'aban yana zaune a kan ƙunshin tamfol yana ɗaura agogo. Ya daɗe yana ɗaura agogon nan.

"Baba, mota za ta tashi ƙarfe bakwai."

"Ki je wanda ya ba ki tanti ya yi miki," ya ce. Ya miƙe, ya raɓa ta gefenta, ya fita ya tari trotro, motar haya ta cikin gari.

Tun kafin motar ta kai kasuwar Kejetia ya so ya sauka ya koma. Bai sauka ba. Da azahar ya kira wayarta, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Da la'asar wata murya ta ce masa ba a samun lambar. Haka muryar ta ci gaba da faɗa masa kullum.

Bai san gidan yana da faɗi ba sai da ta tafi. Da safe ya kan zuba shayi a kofi biyu, sai ya tuna, ya mayar da ɗaya cikin buta. Ya kan sayo waakye, dafaffiyar shinkafa da wake, na mutum ɗaya, mai abincin ta tambaye shi ina 'yar jami'a, ya ce ta yi tafiya. Ba wanda ke kunna rediyo, ba wanda ke yi masa faɗa don ya bar takalmi a kan tabarma. Ƙunshin tamfol yana nan a tsakiyar falo, ya yi tuntuɓe da shi sau uku, bai kuma kawar da shi ba.

Sai ruwa ya ɓalle. Kwana uku ana yi, kwatocin Zango suka cika suka tumbatsa. Yana zaune a rumfarsa, keken ɗinki a rufe, yana jin ruwa na dukan kwano, ba abin da yake gani sai ledar nan da haske ke ratsawa, da 'yarsa a ciki ta naɗe ƙafafu.

Ran kwana na tara Rakiatu ta shigo da kwanon tuwo, ta same shi zaune bai kunna fitila ba ga magariba ta yi.

"An ji daga gare ta?"

"Babu sabis a can."

"To ai sun faɗa tun farko." Ta ajiye kwanon, ta dube shi. "Ba rashin sabis ke cin ka ba, Sha'aban. Ka bar yarinya a durƙushe. Ni na fito na gan ta. Ta kai minti goma a wurin nan ko za ka dawo, sai da ƙawarta ta yi ta kira."

"Yaya, ya isa."

"Bai isa ba koraa, ko kaɗan. Uwarta ma—"

"Na ce ya isa."

Ba sai ta ƙarasa ba. Ranar da Mamunatu ta tafi asibiti da ƙafarta, ta ce masa za ta dawo kafin azahar, yana waya da wani direba a kan awon mota, hannu kawai ya ɗaga mata. Ba ta dawo ba.

Washegari ya sami Sulley, wani direban da ya daɗe yana yi wa aiki, zai kai siminti arewa kuma ta mararrabar gandun zai bi. Suka ɗora ƙunshin a bayan kan mota.

"Masta, wa ya yi odar wannan a daji?"

"Yarinyata ce ta manta da shi."

Sulley ya dubi ƙunshin, ya dubi Sha'aban, ya ce, "Yoo," ya tayar da mota.

Sun bar Kumasi da sassafe, suka wuce Techiman da Wenchi, gidaje suna raguwa, bishiyoyi suna gajarta. A mararraba Sulley ya sauke shi. Daga nan wani mai aboboya ya ɗauke shi a kan jar hanya mai ramuka, har suka iso wani ɗan gini mai shingen ƙarfe a gaba. Wani dattijo cikin koren kaki ya fito yana saka hula. Shi ne mai gadin gandun, sunansa Alidu, kuma Hausarsa irin ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji.

"'Yan makaranta? Ba su nan. Kwana uku sun tafi ƙetare da jirgi, suna ƙirga dorina. Gobe da safe za su dawo."

"Ba jirgin da zai kai ni yanzu?"

Alidu ya nuna sama da haɓa. Hadari ya haɗu a gabas, baƙi wuluk. "Ko ɗan masunta ba zai shiga ruwa yanzu ba. Wane ne naka a ciki?"

"Mubarika. Mai gilashi."

"Ah! Yarinya naka ne? Wannan yana da ƙoƙari paa. Shi ne ya fara ganin sawun dorina kafin malami. Ya ce in ya gama makaranta nan zai zo ya yi shekara na bautar ƙasa. Mun ce masa ya zo."

Sha'aban ya tsaya da hannu a kan ƙunshin. Shekara guda. Ba ta faɗa masa ba, sai a bakin wani baƙo yake ji.

Alidu ya ce ya kwana a ɗakin gadi, akwai benci. Sha'aban ya ce a'a, a kai shi inda yaran ke sauka, ya zo da ɗakinsa. Mai aboboya ya ƙarasa da su, tafiyar kamar mil guda, ya sauke su ya juya da sauri don kada ruwa ya tare shi.

Sansanin wani fili ne a ƙarƙashin manyan bishiyoyi. Ba kowa. Ga duwatsun murhu uku da toka a jiƙe, ga wuraren da ciyawa ta kwanta murabba'i-murabba'i inda aka kafa tantuna aka cire. A gefe an tara buhunan shinkafa da wani ɗan janareta a kan katako, an rufe su da leda baƙa wadda iska ta riga ta yaga. A kan wata igiya tsakanin bishiya biyu akwai safa ƙafa ɗaya, mai ruwan toka da jan baki. Ya san safar, shi ya sayo ta a Kejetia. Ya cire ta ya sa a aljihu.

Gaba kaɗan sai tabkin. Bai taɓa ganin ruwa mai wannan faɗi ba. Ba ya motsi, launinsa kamar na dalma, kuma matattun bishiyoyi suna tsaye a cikinsa tsirara, tun daga baki har inda ido ya gaza. Ƙetaren wani siririn layi ne kawai.

Ba a sare ko reshe a gandun, don haka suka ɗaure tantin da igiya tsakanin bishiya biyu, suka kafa turaku. Alidu ya zagaya shi yana ƙwanƙwasa bangon da yatsa.

"Ƙarfi yana da shi. Amma ina hanci nasa?"

"Wane hanci?"

"Inda zai yi numfashi."

"Shekara ashirin da shida ina wannan aiki," in ji Sha'aban. "Ba a taɓa dawo mini da tamfol ba."

Alidu ya ɗaga kafaɗa. Ya gargaɗe shi kada ya je bakin ruwa in rana ta faɗi, don lokacin ne dorina ke fitowa kiwo, sannan ya saɓa bindigarsa ya kama hanya. Sha'aban ya bi shi da ido har bishiyoyi suka rufe shi.

Bayan la'asar iska ta taso, ruwa ya biyo ta. Sha'aban ya shige tanti. Mariƙin zif ɗin a waje yake, kamar na kowace mota, don haka ya zura hannu ta waje ya ja shi ƙasa har inda hannun ya iya kaiwa, ya janye hannun, ya ƙarasa tura kan zif ɗin da ɗan yatsa. Ya ji leɓen ya faɗo a kai. Duhu ya rufe shi.

Da farko daɗi ya ji. Ruwa na dukan tamfol kamar ana watsa tsakuwa, shi kuwa ya bi kusurwoyi huɗu da tafin hannu, ko ɗigo babu. Ya ce a ransa, da tana nan da ta gani.

Bai fi rabin awa ba ya cire riga. Warin gam da roba ya cika masa hanci. Zufa ta fara bin bayansa, ta jiƙe wando. Sai wani abu ya ɗiga masa a goshi. Ya yi tsalle ya shafa rufin, a zatonsa ɗinki ne ya buɗe. Ɗinki lafiya lau. Rufin ne gaba ɗaya ya yi gumi daga ciki, numfashinsa ne ya taru a sama yana komowa kansa. Ya buɗe baki yana jan iska, iskar ba ta ƙosar da shi. Kansa ya fara sarawa.

Ya lalubo zif ya tura sama. Bai motsa ba. Ya sake turawa da farce, farcen ya karye. Sai ya tuna. Irin wannan zif ɗin yana kulle kansa, ba ya tafiya baya sai an ɗaga mariƙin, don kada iskar hanya ta buɗe kayan mutane. Shi da kansa ya zaɓe shi saboda haka. Mariƙin kuwa yana waje, ƙarƙashin leɓen da ya ɗinka da kyau. Ranar gwaji ma wani ne ya buɗe masa, bai kuma kawo komai a ransa ba. Duk tsawon shekarun nan bai taɓa rufe abin da zai so fita da kansa ba.

Ya buga bango ya kira Alidu. Muryarsa ta dawo masa a kunne. Ya kira sau biyu ya daina, don kiran ma iska yake ci.

Wuƙar yankan tamfol tana aljihunsa, ba ya rabuwa da ita. Ya fito da ita ya buɗe, ya ɗora bakinta a bango, sai ya tsaya. Aikin kwana shida ne, kuma bai taɓa yin ɗinki mai kyan wannan ba. Yana tsaye a kan gwiwa, sai ya ga Mubarika a wurin da yake, cikin wannan duhu, tana tura zif da farce, ita da ba ta yawo da wuƙa. Ya danna wuƙar ya ja ƙasa.

Iska mai sanyi ta bugi fuskarsa tare da feshin ruwa. Ya cusa kai cikin tsagar yana haki kamar wanda aka tsamo daga kogi. Da idonsa ya washe sai ya ga tabkin, ruwan sama na sauka a kansa fari fat, matattun bishiyoyin nan suna tsaye a inda suke. Ya daɗe a haka, ruwa na bin wuyansa. Ba wanda ya ga abin da ya same shi, ba kuma wanda zai ba labari.

Ruwan ya ɗauke kafin faɗuwar rana. Ya zura hannu ta tsagar ya buɗe zif ya fito. Daji ya yi tsit, sai ɗigar ganye. Ya tsaya yana jiran kiran salla, har ya ɗan jima kafin ya gane ba mai kira. Tun da aka haife shi a Zango bai taɓa yin magariba ba tare da lasifika uku ko huɗu suna rige-rige a kansa ba. Ya yi alwala da ruwan da ya taru a leɓen tantin, ya juya wa jan gari baya, ya yi kiran salla da kansa a hankali, ya tayar. Yana cikin raka'a ta biyu wani abu ya yi gurnani daga tabki, mai kauri kamar ana jan tebur a kan siminti. Wani ya amsa daga nesa. Ya sallame, ya zauna a kan tamfol, ya ciro safar nan ya riƙe. A can ƙetaren, a ƙarshen ruwan, ya hangi ɗan hayaƙi siriri yana tashi.

Da sauran haske ya gyara tsagar ta zama taga mai kusurwa huɗu, ya yanka wata a ɗaya bangon, ya fito da basilla da zare ya kalmashe bakinsu don kada su ci gaba da yagewa. Ya kwana da zif a buɗe, sauro suka yi yadda suka so da shi.

Hantsi ya ɗaga lokacin da ya ji ƙarar inji. Dogon jirgin katako ya ratso tsakanin matattun bishiyoyi, cike da matasa cikin rigunan ruwa masu ruwan lemo. Wata a gaba tana nuna wa mai tuƙi hanya da hannu, littafi a cikin leda a rataye a wuyanta. Sai da jirgin ya taɓa yashi ya gane ita ce. Ta yi baƙi, ta rame, hijabinta a cushe cikin kwalar riga.

Ta gan shi. Ta diro cikin ruwa har gwiwa, ta taho da gudu.

"Baba! Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu."

"Gwaggo Rakiatu?"

"Tana nan tana sayar da kokonta."

"To me ya—" Sai idonta ya kai kan koren tantin da ke tsakanin bishiyoyi. Ta dube shi, ta dubi tagogin biyu, ta dubi fuskar ubanta da sauro ya kumbura. Wannan karon ba ta yi dariya ba.

"Ka yi masa taga."

"Na kwana a ciki," ya ce.

Sauran ɗaliban suka zo suna gaishe shi, wasu da Hausa wasu da Twi, malaminsu ya ba shi hannu. Da suka watse sai ya ce ta nuna masa inda take kwana. Ita da Sajida suka warware ledar nan, suka kafa ta kafin ya gama gyara tsayuwa. Ya durƙusa ya leƙa. Ashe biyu ce: ta ciki raga ce kamar gidan sauro, ta waje kuma tana bisa, ba ta taɓa ta, akwai tazarar yatsu huɗu da iska ke bi. Ya shafa ƙasan, a bushe. Ya ja zif ɗin, ya ga mariƙi ciki da waje. Ya ja shi sama, ya ja shi ƙasa, daga ciki.

"Ruwa bai taɓa shiga ba?"

"Sau ɗaya, ta wannan kusurwar."

Ya duba kusurwar. Ɗinki ne ya saki kamar tsawon ɗan yatsa. Ya fito da basilla, ya zauna a ƙasa ya kama, ya bi da ɗan gam ɗin da ya rage masa. Ta tsuguna kusa da shi tana kallon hannunsa.

"Yau da azahar za mu sake tashi," ta ce. "Can gaba, kwana goma. Kuma Baba, akwai maganar da nake so in yi maka in na dawo."

"Mai gadi ya riga ki."

Ta sunkuyar da kai. "Na so in faɗa maka tun a gida. Na ga ko tafiyar mako uku ma..."

"Shekara guda ce?"

"Shekara guda. Zan riƙa zuwa duk wata."

Ya ciji zaren ya tsinke shi. A ransa ya ga falon nan na Ayigya, da kofi biyu, da rediyon da ba mai kunnawa. Ya so ya ce mata akwai dazuzzuka kusa da Kumasi. Ya buɗe baki, ya dubi koren tantin, ya rufe.

Alidu ya iso da rana, ya ga buhunan shinkafa sun jiƙe ta gefe, ya ga tantin, ya ce wannan ai maganin shinkafa ne da janareta. Sha'aban ya ce a ɗauka. Maza huɗu suka kwance shi suka ja shi suka lulluɓe kayan, ya zauna daram kamar don su aka yi shi. Ya nuna musu yadda za su juya tagogin su kalli ƙasa.

Da aka fara loda jirgi, Mubarika ta zo da jakarta a baya. Ta tsaya a gabansa, ba ta san ko ta yi ko kada ta yi ba. Babu ƙofa a wurin, babu dokin ƙofa, yashi ne jiƙaƙƙe kawai.

"Sauke jakar," ya ce.

Ta sauke, ta durƙusa. Ya ɗora hannu a kanta. Hijabin ya yi ɗumi da rana, yana warin hayaƙin itace. Ya karanta Fatiha. Da ya shafa sai bai ɗauke hannun ba.

"Wannan ta waccan ce, wadda na hana ki," ya ce. Ya sake karanta wata. "Wannan ta yau." Mai jirgi ya tayar da inji. Ya karanta ta uku, a hankali, bai faɗi ko ta mece ce ba. Ta ɗago ido ta dube shi ta cikin gilashin da ya yi hazo.

"Tashi, suna jiran ki. Ƙafar dama."

Ya tsaya har jirgin ya shige tsakanin matattun bishiyoyi, har rigunan ruwan suka zama ɗige-ɗige, har ƙarar injin ta ɓace. Sansanin ya koma yadda ya same shi jiya. Sai da ya sa hannu a aljihu zai ciro hula ya ji safar, ya manta bai ba ta ba.

Alidu ya ce ya jira aboboya, ya ce a'a, zai taka. Ba shi da kaya yanzu. Ya kama jar hanyar shi kaɗai, yana kauce wa ramukan ruwa, safa ƙafa ɗaya a aljihu, tafin hannunsa na dama yana warin hayaƙi.